Karen da Keisha Ta Bar Mini

Zuwa ga Gwaggona, Hajiya Asabe ta Funtuwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ki a durƙushe, yadda kika koya mini, ko da yake gwiwar nan tawa yanzu in na durƙusa sai na dafa bango nake iya tashi. Ina fata makwancinki da sanyi da yalwa. Na san takardar nan ba ta da inda za ta same ki, shekara bakwai ke nan da rasuwarki. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma duk garin Greensboro da muke a nan Amurka ban ga wanda zan faɗa wa ba sai ke, ko da kuwa da faɗa za ki fara.

Gwaggo, ina da kare.

Na san irin kallon da za ki yi mini. Ban manta ranar da karen maƙwabta ya sa baki a akushinki ba, kika sa itace kika ɗauke akushin kika wurga bayan katanga. To yau yarinyar da kika riƙa ita ce ke fita bayan sallar asuba da igiya a hannu da leda a aljihu, tana bin kare tana kwashe kashinsa a bakin hanya. Ki yi haƙuri ki ji yadda aka yi, sannan ki yanke mini hukunci.

Da 'yarmu Ummi ta tafi jami'a, gidan ya yi mana girma ni da babanta. Muna zaune a McLeansville, bayan gari ne, gonaki da gidaje jefi-jefi, sai ki wuni ba ki ji sallamar kowa ba. Ni ina nan a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, shi yana sito yana lodin kaya. Wata abokiyar aikina ce ta ce mini gwamnati na neman gidajen da za su riƙe yara. A nan riƙo ba na dangi ba ne, Gwaggo. Alƙali ne ke karɓe yaro daga iyayen da ƙwaya ta ci ko masu duka, ya miƙa wa mutanen da bai taɓa gani ba. In zaman bai yi daɗi ba a ƙara gaba da shi. Na ce wa Baban Ummi, ai ni ma riƙe ni aka yi. Bai musa ba. Muka yi darussa, suka zo suka leƙa firij, suka gwada zafin ruwan famfo, suka ba mu takarda.

Keisha tana da shekara goma sha shida aka kawo ta. Baƙar Amurka ce, doguwa, ba ta kallon mutum a ido. Kayanta duka a cikin baƙaƙen ledojin shara guda biyu. Mu ne gida na bakwai. Ta yi wata huɗu ba ta juye kayan nan a durowa ba, amma ta cika durowar da burodi, tana ɓoyewa. Na tuna ranar da aka kawo ni gidanki bayan rasuwar Inna, ina shekara biyar, kika kwance ƙullin kayana kika zuba cikin na 'ya'yanki su Lami kika ce, "A gidan nan babu na wane da na wance." Na gwada yi mata haka. Ta fizge ledarta har ta yage.

Akwai abin da ke taso mata. Haka kawai sai numfashinta ya sarƙe, jikinta ya ɗauki rawa, ta zube bayan ƙofa ta rungume gwiwoyinta. In na kai hannu sai ta zabura kamar wuta na taɓa mata. Likita ya ba da ƙwayoyi. Ni kuma na tsaya daga nesa ina tofa mata abin da na sani. Haka muka yi ta fama.

Wata rana da yamma ta sauko daga motar makaranta da rigar sanyinta a dunƙule a ƙirji. Ɗan kwikwiyo ne ta tsinta a cikin lambatu, jiƙe sharkaf. Tun da ta zo ba ta taɓa roƙona komai ba sai ranar. Ta ce, da Turancinta, "Mis Zulai, kwana ɗaya tak." Baban Ummi ya dube ni, na dube shi. Ya ce ba dai cikin gida ba. Ranar Lahadi ya sayo katako ya buga masa ɗan ɗaki a bayan gida. Ta sa masa suna Biskit, don kalarsa.

Ta tagar kicin na ga abin da ya hana ni korar karen nan. Abin nata ya taso tana zaune a kan ciyawa. Sai kwikwiyon ya hau cinyarta ya kwanta da duk nauyinsa, ya sa kai a cikinta. Ina tsaye da ludayi a hannu ina kallo har numfashinta ya dawo daidai. Abin da hannuna ya kasa a wata shida, dabba ta yi shi kafin miyata ta tafasa. Na yi godiya ga Allah, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji kishi.

Ke ba ki san riƙo yana ƙarewa ba. Ke kika aurar da ni, a ɗakinki na yi wankan jegon Ummi, har na tsallako ƙasar nan ɗakina na nan a gidanki. A nan ranar da yaro ya cika shekara goma sha takwas, ranar gwamnati ke zare hannunta. Mun ce wa Keisha ta zauna, ɗakin nata ne, babu ruwanmu da takarda. Ta ce, "Gara in fita da ƙafata kafin a ce in fita." Akwai wani saurayinta da ya kama ɗaki a wajen titin Wendover, inda ba a yarda da kare ba. Ta ce nan da wata ɗaya za ta zo ta ɗauki Biskit. Na saya mata akwati don kada ta sake fita da ledar shara. Ta kira sau biyu. Daga nan lambar ta daina shiga. Na je gidan na tarar da wasu mutane. Na je ofishin kula da yaran, suka ce mini ta girma, ba su da hurumin gaya mini inda take, in ma sun sani.

Kullum lokacin wucewar motar makaranta sai Biskit ya je bakin shinge ya yi ta kuka. Baban Ummi ya ce a kai shi gidan da ake ajiye karnukan da ba su da masu su. Na sa shi a mota na kai shi har ƙofar wurin. Na kashe mota na zauna. Na ji haushin karnuka daga ciki, shi kuma yana bayana yana huci. Sai na tayar da motar muka dawo.

Matar ofishin da ta kawo mana Keisha tun farko ita ta ba ni labarin zaman da ake yi duk Asabar. Ana tara matasan da riƙo ya ƙare musu, ana koya musu cika takardar neman aiki, da kama haya, da dafa abinci. Ta ce da yawa sau ɗaya suke zuwa, ba sa komowa, don sun gaji da manya masu yi musu bayani. Ta ce in kare ya samu horo, ya ci jarrabawa, ana barinsa ya shiga ya zauna da su. Na ce zan horar da nawa. Kowa ya ɗauka lada nake nema. Ke kam ba zan yi miki ƙarya ba: na yi tunanin wata rana Keisha ma za ta shigo ɗakin.

Ban san abin da na ɗauko wa kaina ba. Na aro littafi a laburare. Na shiga aji duk Talata a wani kantin kayan dabbobi, cikin Turawa masu sumbatar karnukansu a baki, ni da hijabina da safar hannu. Da Turanci na fara ba shi umarni, yana kallona kamar bai san ni ba. Ran nan raina ya ɓaci na daka masa tsawa na ce, zauna! Sai ya zauna. Daga ranar Hausa muke yi. Zauna, kwanta, tsaya, bari, zo. In ya yi daidai in ba shi ɗan guntun soyayyar hanta.

Sai in tashi daga aiki bayan awa goma sha biyu a tsaye, na ɗaga tsoho na kwantar da tsohuwa, ƙafafuna sun kumbura, in canza kaya a gareji in fita bayan gida. Abin da ya yi wa Keisha da kansa, shi nake so ya riƙa yi wa kowa in an ce masa. Na sa wa abin suna danne. Sai in zauna a ƙasa in riƙa haki ina rawar jiki da gangan, ina kukan ƙarya, har ya zo ya kwanta a cinyata. Na yi haka ya fi a ƙirga. Wata rana na fara na ƙaryar, sai na gaske ya ƙwace mini. Ya zo ya danne ni, bai ɗaga ba har na gama. Ranar ban ba shi hanta ba, na manta.

Maganar ba ta tsaya a bayan gida ba. Hajiya Laraba, wata dattijuwa 'yar Maraɗi da duk matanmu na nan ke jin maganarta, ta gan ni ina sauke shi daga mota. A sunan da aka yi bayan nan na kai kula cike da waina. Yadda na kai ta haka na dawo da ita, ko murfin ba a ɗaga ba. Da za mu rabu Hajiya Laraba ta riƙe gefen mayafina da yatsa biyu ta ce, "Zulai, Amirka ta cinye ki." Na je na tambayi malamin masallacinmu. Ya ce karen aiki ba laifi ba ne, in dai ba ya kwana cikin gida, in kuma kula da tsarkina. Kayan kare daban, suna rataye a gareji, kwanonsa bai taɓa haɗuwa da namu ba. Amma bakin mutane ba ya jiran fatawa. Har yau akwai gidajen da in na shiga sai a naɗe sallaya. A masallaci kuma suka sa wa Baban Ummi mijin mai kare. Bai taɓa faɗa mini ba, a bakin wata na ji. Na dai lura ya daina tsayawa hira bayan Juma'a. Wannan ya fi wainar ciwo.

Jarrabawar farko mun faɗi. Komai ya tafi daidai har aka shigo da wani ƙato cikin babbar rigar sanyi, yana dogara sanduna yana ɗaga murya. Biskit ya yi haushi ya shige bayana yana karkarwa. Mai jarrabawar ta ce mu dawo bayan wata shida in muna so. Na dawo gida na ce na haƙura, na gaji. Washegari da la'asar sai na ji ihu a bayan gida. Na leƙa na gan shi cikin rigar sanyi a tsakiyar zafi, ya samo sanduna ban san daga ina ba, yana ɗingishi yana surutai da ƙarfi, aljihunsa cike da hanta. Mutumin da kika ce kin ba shi ni saboda natsuwarsa. Wata biyar yana wannan bayan ya taso daga sito. A karo na biyu muka ci, aka ba kare 'yar riga ja da takarda.

A ɗakin ƙasa na wata coci ake zaman. E, Gwaggo, har da wannan ma. Kujerun ƙarfe ne da tebura da injin kofi. Akwai wani Travis, ɗan shekara goma sha tara, da ke zama kusa da ƙofa ya ja hular rigarsa ya rufe fuska. Sati uku ban ji muryarsa ba. Biskit ya je ya kwanta a kan takalminsa. A sati na huɗu ya tambaye ni me nake ce wa karen. Na koya masa. Ya kasa faɗin zauna, sai zona, amma karen ya gane. Daga baya sai ya riƙa sunkuyawa yana yi wa kare magana ƙasa-ƙasa, abubuwan da bai taɓa faɗa wa ma'aikatan ba. Ni dai ina riƙe da igiya ina kallon bango, kamar ba na jin Turanci.

Ranar da aka kira Travis ganawar neman aiki, ni na kai shi. A wurin ajiye motoci hannuwansa suka ɗauki rawa, ya ce ba zai shiga ba. Na buɗe ƙofar baya na ce wa Biskit, danne. Ya riƙe kunnuwan karen nan har rawar ta lafa, ya shiga, aka ɗauke shi aikin. Bayan wata huɗu aka sallame shi don yawan makara, ba shi da mota, bas kuma ba ta kaiwa can da wuri. Haka aikin yake. Wata ta samu ɗaki ta rasa. Wani yana kurkuku. Wasu sai dai ki ga kujerarsu babu kowa, kuma babu wanda za ki tambaya. Kare ba ya ba da ɗaki, ba ya ba da aiki. Abin da yake yi shi ne ya sa su dawo Asabar mai zuwa, wani lokaci. Akwai ranakun da nake tuƙi zuwa gida ina tambayar kaina ko wannan kaɗai ya kai abin da muka rasa a cikin mutanenmu.

Ashe yaran nan sun san juna, gidajen riƙo sun haɗa su. Travis ne ya ba Keisha labarin wata 'yar Afirka mai hijabi da kare mai jin wani yare.

Wata Asabar mun fito da azahar, na ce wa Biskit tsaya, na saki igiya ina laluben makulli a jaka. Karen da ya yi shekara bai karya umarnin tsaya ba, ko an jefa masa nama a gabansa, sai ya zabura a guje ya ratsa tsakanin motoci. Na ɗaga kai. Keisha ce tsaye can ƙarshen filin, ta rame, da jaririya a kafaɗa. Kafin in ƙarasa ta zauna a kan kwalta, shi kuma ya hau cinyarta yana wani irin kuka. Ta miƙo mini jaririyar ba tare da ta kalle ni ba.

Kusan shekara uku ina shirya abin da zan faɗa mata. Faɗa na ciki, lallashi na ciki. Ko ɗaya bai fito ba. Ita ce ta yi magana, fuskarta a wuyan kare. Ta ce, "Na sha ɗaukar waya in ajiye, Mis Zulai. Ba ni da labari mai daɗi da zan ba ki."

Saurayin ya daɗe da tafiya. Tana kwana a falon wata ƙawarta. Na ce ɗakinta na nan, ta ce za ta yi tunani. Ta zo Lahadi biyu, ta zauna a matakalar bayan gida ta ci shinkafa da miya, ta ƙi shiga ciki. Baban Ummi ya yi ta zagaya fili da jaririyar yana yi mata wasa da Hausa. Lahadi ta uku na dafa, ba ta zo ba. Yau fiye da wata ɗaya ke nan. Lambar da ta ba ni tana shiga, ba a dai ɗauka.

Maganar da ta faɗa a kan kwaltar nan ita ta sa na ɗauki biro, Gwaggo. Shekarar da za ki rasu, na yi wata takwas ban kira ki ba. Na gaya wa su Lami katin waya ne ke cinye minti, layi ne ba ya shiga. Ƙarya ne. Lokacin Baban Ummi ba shi da aiki, ni ina wanke kashin tsofaffi, takardunmu ba su fito ba. In na kira sai kin ce, "Yaya Amurka?" ni kuma sai na ce lafiya lau. Na gaji da faɗin lafiya lau. Na ce bari abubuwa su daidaita in kira ki da labari mai daɗi. Kika aiko mini da kaset ta hannun wani Alhaji, na sa a akwati na ce sai na samu natsuwa. Kafin in samu aka kira ni aka ce kin cika. Bayan nan kuma na kasa saurarensa.

Makon jiya na ciro shi. Tsohuwar motar Baban Ummi ce kaɗai ke da abin sa kaset. Bayan la'asar na shiga na rufe ƙofa na kunna. Sai ga muryarki, da tarin nan naki, da kukan akuya a bayanki. Kin ba ni labarin rufin ɗakin da ya yi yoyo, da auren 'yar Lami, da tsadar manja. Kin yi faɗa a kan wani da ya taka miki shanya. Can wajen ƙarshe kika yi shiru har na zaci ya ƙare, sai kika ce, "Zulai, ba sai kina da magana za ki kira ba. Ko sallama kika yi kika ajiye, na ji."

Na daɗe a cikin motar. Da na fito na kira lambar Keisha, ba ta ɗauka ba, na bar mata saƙo. Na juya maganarki zuwa Turanci iya yadda na iya. Na ce ba sai tana da labari ba, ta kira ta ce ita ce, ta kashe. Ba ta kira ba tukuna. Ba zan bi ta gidan ƙawar ba, ko da yake na san unguwar. Ke ma ba ki aiko a yi mini faɗa ba.

Na gaji, Gwaggo. Gajiyar da barci ba ya cirewa. Amma jibi Asabar, an ce akwai sababbi biyu da suka cika shekara goma sha takwas a watan nan, kuma na riga na wanke jar rigar.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya saka miki da gidan da ya fi wanda kika buɗe mini. Ya haɗa ki da Inna a inuwa ɗaya. Allah ya tsare Keisha da 'yarta a duk inda suka kwana, ya sa su faɗa hannun masu tausayi. Ya ba Baban Ummi ladan haƙurinsa. Ni kuma ki yafe mini wata takwas ɗin nan.

Ba ni da labari mai daɗi da zan ba ki. Assalamu alaikum, Gwaggo. Ni ce.

'Yarki,
Zulai